Miyar Kuka da Aikin da Ke Gabanin Tukunya

A cikin ire-iren miyar da ake cin tuwo da su a Afirka ta Yamma, da wuya a sami wadda ta kai miyar kuka yaɗuwa a ƙasashen da ke shimfiɗe tsakanin bakin Hamada da farkon kurmi, domin ana kaɗa ta a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, ana kaɗa ta a Tamale da sauran garuruwan arewacin Gana, Fulanin arewacin Kamaru suna yin ta da sunan ɓokko, sannan mutanen Senegal suna zuba garin ganyen a cikin dambun geronsu domin ya yi santsin haɗiya. Abin da wannan lacca take nufin tabbatarwa shi ne cewa girkin miyar kuka, wato abin da ake yi a kan murhu, shi ne mafi ƙanƙantar aikinta, kuma daɗinta ko rashinsa yakan tabbata tun watanni kafin a ɗora sanwa, a wurin tsinkar ganye da shanya shi, da wurin dafa kalwa da rufe ta har ta zama daddawa. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa mata biyu za su bi hanya ɗaya wajen girki, amma miyar ɗaya ta fito kore shar da ƙamshi, ta ɗayar kuwa ta fito baƙa mai bauri.

Ita bishiyar kuka, wadda masana tsirrai suke kira Adansonia digitata domin tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya isa Senegal a 1749 ya kuma yi bayaninta dalla-dalla, bishiya ce da ta saba da ƙasa mai gajeriyar damina da dogon rani. Jikinta ba katako ba ne irin na maɗaci ko kirya, wani abu ne mai taushi da ke tsotse ruwa ya riƙe, kuma wannan ne ya sa ba ta da amfani ga mai neman itacen girki ko masassaƙi, abin da ya zame mata kariya a wuraren da gatari ya cinye sauran itatuwa. Takan zubar da ganyenta idan rani ya shiga, ta zauna tsirara tsawon watanni, sai gab da faɗuwar damina ta sake tofo. Furenta fari ne, da dare yake buɗewa, kuma jemagu ne suka fi ɗaukar ƙwayar haihuwa daga wannan fure zuwa wancan. Tsawon ranta ya wuce na kowace bishiyar da manomi yake gani a gonarsa, domin gwajin kimiyya ya nuna cewa wasu kukokin kudancin Afirka sun haura shekara 2000. Matafiyin nan Ibn Battuta, a kan hanyarsa daga Walata zuwa babban birnin daular Mali a 1352, ya ba da labarin wasu manyan itatuwa masu kogo da ruwan sama ke taruwa a cikinsu, har ya ce ya tarar da masaƙi ya kafa masaƙarsa a cikin ɗaya, kuma masana sun fi karkata ga cewa kuka yake nufi. A Borno ma, birnin Kukawa da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814 daga wannan bishiya ya samo sunansa, kamar yadda unguwar Kukar Bulukiya a Kano ta samo nata.

Aikin miya yana farawa ne da zaɓen bishiya, domin ba kowace kuka ce take ba da ganyen miya ba. Mutanen karkara sun san kukokin garinsu ɗaya bayan ɗaya, sun san wadda ganyenta yake da daɗi da wadda nata yake da ɗaci ko bauri, kuma galibi an fi son ganye mai sulɓi a kan mai gashi-gashi. Wannan sani ne da ba ya cikin kowane littafi, kuma shi ne abu na farko da yake ɓacewa idan kuka ta zama hajar da ake tarawa a buhu daga kowace bishiya a kai birni. Ana iya tsinkar sabon tofo a farkon damina a yi miyar ɗanyar kuka da shi, amma babbar tsinka, wadda za a adana ta kai gida har wata shekara, ana yin ta ne a ƙarshen damina zuwa farkon kaka, lokacin da ganye ya ƙosa amma bai fara yin rawaya ba, kuma iska ta fara bushewa yadda shanya ba za ta yi fumfuna ba. Hawan kuka ba ƙaramin haɗari ba ne, saboda gindinta yana da faɗi da santsi, rassanta kuma suna karyewa ba tare da gargaɗi ba, shi ya sa ake kafa turaku a jikinta a yi matakala, ko a ɗaura lauje a bakin doguwar gora a riƙa sassabo ƙananan rassa daga ƙasa.

Daga nan sai shanya, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa a tukunya. Ganyen da aka baza a tsakar rana a kan dandariyar ƙasa yakan bushe da wuri, amma yakan koɗe, ƙamshinsa ya tafi, ya kuma kwashi yashin da mai cin tuwo zai ji a haƙorinsa. Wanda aka shimfiɗa a kan tabarma a inuwa, a wurin da iska take ratsawa, ana juya shi lokaci zuwa lokaci, yakan ɗauki kwanaki fiye da haka amma yakan riƙe korensa. Bambancin bai tsaya ga launi ba. Ganyen kuka yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, wanda jiki yake gina ƙashi da haƙori da shi, da sinadarin ƙarfe da jini yake bukata, da kuma wani sinadari da jiki yake mayarwa bitamin A, wanda rashinsa yake haddasa dundumi ya kuma raunana garkuwar jikin yara. Wannan na ƙarshe hasken rana yana lalata shi, kuma binciken da aka yi a ƙasar Mali ya nuna cewa ganyen da aka shanya a inuwa ya fi riƙe shi nesa ba kusa ba. Idan aka tuna cewa a gidaje da yawa na karkara garin kuka ne kusan ganyen da ake ci kullum daga watan Nuwamba har faɗuwar ruwa, za a ga cewa wurin da aka shimfiɗa tabarmar shanya magana ce ta lafiyar yara. Bayan ganye ya bushe har yana ƙaras-ƙaras, sai a tsince tsinkayensa, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi, a mayar da tsakin a sake dakawa, a zuba garin a tukunya ko kwalba mai murfi a ajiye inda rana da laima ba sa kai wa. Garin da aka niƙa da tsinkayensa don ya yi auki, kamar yadda ake samu a wasu kasuwanni, ana gane shi da ƙaiƙayi a maƙogwaro da ƙarancin yauƙi.

Abu na biyu, wanda a gaskiya shi ne ran miyar, shi ne daddawa. Ana yin ta da kalwa, wato ƙwayar da ke cikin ’ya’yan ɗorawa, bishiyar da masana suka sa wa suna Parkia biglobosa domin tunawa da matafiyin nan Mungo Park. ’Ya’yan ɗorawa suna nuna ne da bazara, a cire garinsu mai ruwan ɗorawa a sha, a yi makuba da kwasfarsu don daɓe da shafen gini, sannan a wanke kalwar a shanya. Kalwa ɗanya ba ta ciwuwa, saboda taurinta da ɓawon da ke jikinta, don haka mai yin daddawa takan dafa ta wuni guda ko ta kwana a wuta, ta surfa ta a turmi, wani lokaci da ɗan toka ko yashi don ɓawon ya saki, ta kai ta wanke har ɓawon ya rabu, ta sake dafa ƙwayar har ta yi laushi, sannan ta tsane ta da zafinta ta zuba a kwando ko ƙwarya ta lulluɓe da ganye da tsumma, ta ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin waɗannan kwanaki wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira Bacillus, suke warware furotin ɗin kalwar, wato sinadarin gina jiki wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, su mayar da shi ƙananan sassa masu sauƙin narkewa a ciki. Warin da ke tashi idan an buɗe kwando alama ce ta cewa aikin ya yi, ba alamar lalacewa ba ce. Daga nan a kirɓa, a dunƙula, a mulmula, a fyaɗa, a shanya har ta yi baƙi ta bushe yadda za ta yi watanni ba ta ɓaci ba. Yarabawa suna yin irinta su kira ta iru, mutanen Mali da Burkina Faso suna cewa sumbala, na Senegal kuma netetu, sannan akwai daddawar batso da ake yi da ’ya’yan yakuwa, da ta waken suya da ta yaɗu a ’yan shekarun baya saboda tsadar kalwa.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan abin da daddawa take ba miya, domin shi ne zai bayyana yadda dunƙulen kanti ya sami shiga. Ɗaya daga cikin sassan da furotin yake warwarewa ya koma shi ne gulutamet, sinadarin da yake ba romon nama wannan ɗanɗano mai cika baki, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908, kuma shi ne ginshiƙin farin magi da na dunƙulen Maggi da ire-irensa. Ashe ke nan matan ƙasar Hausa sun daɗe suna samar da wannan ɗanɗano daga kalwa tun kafin a san sunansa. Sai dai dunƙule ɗanɗanon kawai yake kawowa tare da gishiri mai yawa, ita kuwa daddawa tana kawo shi tare da furotin da mai, abin da yake da muhimmanci ƙwarai a gidan da nama ba ya shiga tukunya sai jefi-jefi. Babu laifi a haɗa su, kuma yawancin masu girki a yau haka suke yi, amma miyar kukar da aka cire mata daddawa gaba ɗaya aka bar ta da dunƙule ta yi asarar abin da ya sa ta zama abinci, ta koma ruwan gishiri mai yauƙi.

Kanwa da gishiri su ne suka haɗa wannan miya da fataucin nesa. Kanwa, wato gishirin ƙasa mai kaifi da ake samu a gaɓar Tafkin Chadi da ƙasar Manga a gabashin Nijar, fatake ne suka riƙa kawo ta kasuwannin Hausa, kamar yadda ayarin raƙuman Abzinawa ya riƙa kawo gishirin Bilma da Fachi, kuma masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi guda a kan wannan ciniki a 1986. Amfaninta a miya shi ne ta kashe tsami, ta sa wake da nama su yi saurin laushi, ta kuma taimaka wa kuka ta riƙe yauƙinta. Amma ƙanƙanin gutsure ya isa tukunya, domin idan ta yi yawa miya takan yi baƙi ta yi ɗanɗanon sabulu, tana kuma lalata wasu bitamin. Likitocin Zariya ma, tun a shekarun 1970, sun danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego, wanda ya nuna cewa kanwa ba abar wasa ba ce ga jiki ko da yake adadin da ke shiga miya bai kai na kunu ba. Game da sauran kayan girki, barkono da tumatir da gyaɗa da masara duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, saboda haka miyar kukar da aka ci a Kano kafin wannan zamani da kayan ƙamshi irin su masoro da kimba da citta aka yi mata yaji, kuma da tuwon dawa ko na gero aka ci ta, hatsin da aka fara nomawa a nahiyar Afirka dubban shekaru da suka wuce.

Idan duk waɗannan sun hallara, girkin kansa ba ya da tsawo. Tsohuwar hanya ita ce a ɗora sanwa, wato ruwan da za a yi miya da shi, a zuba nama ko ƙashi ko kaza ko bandar kifi da aka gyara aka cire ƙaya, gwargwadon abin da gida yake da shi, sannan a daka daddawa da barkono da albasa da citta da masoro a zuba, a jefa ɗan gutsuren kanwa da gishiri. Da yawa daga cikin masu girki sukan ƙara ɗan wake da aka surfa aka daka, domin yana ba miya jiki da garɗi, da sharaɗin a bar shi ya dahu sosai har gafinsa ya fita. Wannan mataki ne yake bukatar haƙuri, domin dole ne a bar ruwan ya yi ta tafasa har warin ɗanyar daddawa ya juye ya zama ƙamshi, romon ya haɗe, kuma duk wani gyara na gishiri ko yaji a nan ake yin sa, tun da bayan an kaɗa kuka ba a son a ci gaba da dama miya ana ƙare-ƙare. Hanya ta biyu, wadda ta fi yawa a birane, ita ce a fara soya jajjagen attarugu da albasa a manja ko man gyaɗa kafin a tsaida ruwa. Masu bin wannan hanya sukan yi hattara da tumatir, ko dai su sa kaɗan ko su bar shi, saboda tsaminsa yana tsinka yauƙi ya kuma dusashe launin miya.

Kaɗawa ita ce wurin da ake gane gwanar girki. Akan tsame nama da kifi a ajiye gefe don kada su hana maburgi yawo, a rage wuta ko a janye itace, sannan a riƙa barbaɗa garin kuka kaɗan-kaɗan a saman ruwan ana burgawa. Maburgi sanda ne siriri mai ’yan ƙahoni ko giciye a ƙarshensa, wanda ake murzawa tsakanin tafin hannu biyu ya riƙa juyawa da sauri. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne cewa garin kuka, da zarar ya taɓa ruwan zafi, bayansa yakan kumbura ya yi yauƙi nan take, kuma idan aka zuba shi dunƙule guda sai yauƙin ya rufe busasshen garin da ke ciki ya hana ruwa shiga, a sami gudajin da babu burgawar da za ta fasa su. Cokalin cin abinci biyu zuwa uku kan isa kimanin lita guda ta romo, amma mai girki ba ta dogara ga awo, takan ɗaga ludayi ta duba yadda miyar take zuba, tana sane da cewa kuka tana ƙara kauri bayan an sauke, don haka wadda ta yi daidai a kan wuta za ta yi tauri a kwano. Bayan an kaɗa, mintuna kaɗan a kan wuta marar ƙarfi sun isa a kashe ɗanyen ƙamshin ganye. Ba a rufe tukunya ruf saboda miyar takan taso ta zube, kuma idan aka bar ta ta daɗe tana tafasa takan yi baƙi, ta kama a gindi ta yi ƙauri. Daga ƙarshe a mayar da nama, a zuba a kan malmalar tuwo, a kwarara soyayyen man shanu, a ajiye dakakken yaji a gefe ga mai so.

Baƙon da bai saba ba yakan yi mamakin yadda ake neman yauƙi a miya da gangan, amma dalilinsa yana cikin yadda ake cin tuwo. Lomar tuwo ba taunawa ake yi ba, haɗiyewa ake yi, kuma tuwon dawa ko na gero yana da kaushi da nauyi, saboda haka yana bukatar miyar da za ta lulluɓe loma ta manne mata ta kuma raka ta ta wuce maƙogwaro. Kuɓewa da karkashi da lalo duk wannan aiki suke yi, haka ma ewedu a wurin Yarabawa. Fifikon kuka a kansu shi ne cewa ba shuka ta ake yi kowace shekara ba, ɗan gari kaɗan yana kaɗa babbar tukunya, kuma miyar tana jure kwana, har da yawa suna ganin ta fi daɗi da safe idan an yi ɗumame.

Wannan araha tata ita ce ta jawo mata raini. An wayi gari wasu suna ɗaukar miyar kuka a matsayin shaidar babu, abar da ba a kai wa baƙo, kuma waɗanda suka yi makarantar kwana suka sha tsinkakkiyar kuka lami, wadda ba ta ga daddawa ba balle man shanu, sukan fito da ƙyamarta har girma. Amma wannan hukunci ne da aka yanke wa miya saboda laifin mai rowar kayan haɗi. Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama, kuma kukar da aka kaɗa a romon kaza ko zabo, da daddawar kalwa mai kyau, ba ta jin kunyar shiga kowane akushi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cewa ko a ranar da babu naman, haɗin ganye da kalwa da wake da hatsi yana ba jiki abubuwan da farar shinkafa da mai da dunƙule ba za su ba shi ba, kuma gidan da ya bar na farko ya koma na biyu don gudun a ce masa talaka ya yi canjin da yaransa ne za su biya.

Saura batun ita kanta bishiyar, wanda ya fi komai bukatar kulawa. A gonaki da yawa na ƙasar Hausa manyan kukoki ake gani, ƙanana kuwa sun yi ƙaranci, kuma dalilan a bayyane suke. Awaki da shanu suna cinye tsiron da rani. Ganyen ƙaramar kuka guda-guda yake fitowa, bai rabu kamar yatsu irin na babba ba, don haka mai noma yakan sare ta bai san ko mece ce ba. Yawan sassabe rassa don ganye yana rage fure da ’ya’ya. Sannan tsohon imanin nan cewa kuka matattarar iskoki ce, wanda ya hana a sare manya, shi ne kuma yake sa mutane ƙin dasa ta kusa da gida. A lokaci guda kuma ’ya’yan sun sami sabuwar kasuwa, tun da Tarayyar Turai ta amince da shigar garinsu a matsayin abinci a 2008, Amurka ta biyo baya a 2009, ga kuma masu yin kwalba da nono a gida, wanda ke nufin ƙwayar da za ta faɗi ta tsiro tana ƙara raguwa. A ƙasar Mali masu binciken aikin gona sun gwada shuka kuka a lambu, a jere kusa da juna kamar alayyafo, ana ba ta ruwa ana tsinkar ganyenta tun tana ’yar watanni, ba tare da an jira ta zama bishiya ba, kuma an nuna cewa idan aka yi wa ƙaramar kuka aure da reshen babbar da aka san daɗinta, takan yi ’ya’ya cikin ’yan shekaru maimakon dogon jiran da aka sani. Ƙwayar kuka tana da tauri, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayanta kafin ta tsiro da wuri, kuma dashen yana bukatar shinge na shekarun farko har ya fi ƙarfin bakin akuya.